Ɗana ya wuce shekara biyu bai fara magana ba: ina zan kai shi, wa zan amince wa?

"Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa biyu da wata huɗu. Yana tafiya, yana gudu, yana cin abincinsa lafiya lau, amma har yau babu magana, sai 'mama' jifa-jifa. In yana son abu sai ya kama hannuna ya ja ni wurin. Sau da yawa in na kira sunansa ba ya waiwayowa, amma da ya ji kiɗan talla a talabijin sai ya sheƙo da gudu. Kakarsa ta ce in ƙyale shi, babansa ma sai da ya shekara uku ya buɗe baki. Maƙwabciyata ta ce linzami ne, a kai shi wurin wanzami. Na kai shi wata cibiya mai zaman kanta, ba su yi minti goma da ganinsa ba suka ce otizim ne, in biya kuɗin wata uku ya fara zuwa kullum, kuɗin kuwa ya kusa cinye albashin babansa. Ƙanwata da ke Amurka ta ce can gwamnati ke yin gwajin kyauta. Na rasa inda zan sa kaina. Wane gwaji ya kamata a yi masa, a ina, kuma ta yaya zan gane wurin da suka san aikinsu?" Wata uwa daga Kano.

Wa'alaikumus salam warahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya raya shi, ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri da ba ki naɗe hannu kin zauna ba.

Abu uku kike tambaya a dunƙule: ko wannan jinkirin ya isa a damu da shi, wa ya kamata ya duba yaron, da kuma yadda za ki tantance masu koyarwa kafin ki zuba kuɗinki. Amsata a taƙaice ita ce kada ki jira ya cika shekara uku, kada kuma ki biya kuɗin wata ukun nan tukuna. A fara da gwajin ji, sannan likitan yara ya zauna ya duba shi a tsanake, sai a san irin taimakon da yake buƙata. In an zo zaɓen wuri kuwa, wanda zai shigar da ke ɗakin ya koya miki aikin shi ne naki.

Maganar kakarsa

Kakarsa ba ƙarya ta yi ba, yara ba su girma a kan layi ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bibiyi lafiyayyun yara a ƙasashe biyar, har da Ghana, ta fitar da sakamakon a 2006: wasu sun fara tafiya su kaɗai tun suna wata takwas, wasu sai da suka kusa wata 18, kuma duk lafiyarsu ƙalau. Magana ma haka take, tana da faɗi. Amma faɗin yana da iyaka. A wata 18 muna sa ran yaro yana da 'yan kalmomi ban da "mama" da "baba", yana kuma nuna miki abu da ɗan yatsa don ke ma ki gani. A shekara biyu yawancin yara suna haɗa kalma biyu, "ba ni", "Mama zo", "babu ruwa". Ɗanki ya wuce wannan da wata huɗu, kalmarsa ɗaya.

Gaskiya ne da yawa daga masu nauyin baki suna kamo tsararsu ba tare da an yi musu komai ba. Amma waɗannan galibi za ki tarar suna fahimtar abin da aka faɗa, a ce "ɗauko takalminka" ya ɗauko, suna nuni, suna kallon ido, suna ɗaukar ludayi su yi kamar suna tuƙa tuwo. Bakin ne kawai ya yi nauyi. Abin da ya tsaya mini a wasiƙarki ba ƙarancin kalmomin ba ne, rashin waiwayowa ne in an kira shi, da jan hannun da yake yi a maimakon nuni. Waɗannan biyun ana ganinsu a yaron da ba ya ji sosai, ana ganinsu a otizim, lalurar da ke taɓa hulɗa da magana, wanda wasu kafafen labarai ke kira galahanga, ana kuma ganinsu a yaron da ke wuni gaban allo ba mai yi masa hira. Daga nesa ba a rarrabe su. Shi kuwa batun babansa ya yi jinkiri, a wurinmu dalili ne na ƙara sa ido, domin matsalar magana da ta ji duk suna bin dangi.

Ki auna asarar kowane ɓangare. In an duba ba a sami komai ba, kuɗin mota da na kati kika rasa. In kuwa aka jira wata takwas alhali kunne ne, yaron ya rasa wata takwas na sauraron harshe a daidai shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi ɗaukarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi ya sa a ƙasashen da ake gwada jin kowane jariri ake bin ƙa'idar a gwada kafin wata ɗaya, a tabbatar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida.

Kunne tukuna

Na san za ki ce ai yana jin talabijin. Kusan kowace uwa haka take ce mini, kuma da gaskiyarta. Sai dai rashin ji hawa-hawa ne. Akwai yaron da ke jin ƙarar janareto da bugun ƙofa da ganga, amma siraran sautuka irin su "s" da "sh" da "f" ba su isa gare shi, sai magana ta zama masa gunaguni. Akwai wanda ruwa ya taru masa a bayan dodon kunne bayan mura, yau ya ji gobe bai ji ba. Tafa hannu a bayansa a gida ba gwaji ba ne: yana ganin inuwarki, yana jin motsin iska, kuma yaron da ba ya ji ya fi kowa lura da motsi.

A ƙasarmu dalilan da ke taɓa ji da ƙwaƙwalwar yaro suna da yawa, kuma likita zai tambaye ki su ɗaya bayan ɗaya. Shawarar jarirai mai tsanani a makon farko na gaba-gaba, musamman in idonsa ya yi ɗorawa sosai aka yi ta shanya shi a hantsi ba a kai asibiti ba. Kafur ɗin da ake zubawa cikin kayan jarirai yana tayar da ita a yaran da jininsu ke da wani rauni na gado. Akwai doguwar naƙuda da jaririn da bai yi kuka ba da aka haife shi, da bakwaini. Akwai sanƙarau, wanda muke zaune a tsakiyar yankinsa, da ƙyanda, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da kunne mai zubar da ruwa da aka saba rainawa. Wasu allurai ma, irin su jentamaisin, suna iya lalata ji in an yi su barkatai a kemis. Sai tamowa da ƙarancin jini, da sikila wadda kan jawo shanyewar ɓarin jiki ko a ƙaramin yaro. Gubar dalma kuwa mun ga aikinta a Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gida, wasu da suka rayu kuma ta bar musu rauni a ƙwaƙwalwa. Wani kwallin da ake ranbaɗa wa jarirai ma yana ɗauke da ita.

Gwajin jin ba ya da zafi. Za a leƙa kunnen a ga ko datti ya toshe ko akwai ruwa. Akwai gwajin da ake kira OAE, ana sa ɗan abu mai laushi a kunne, cikin 'yan mintuna an gama. Akwai kuma ABR, wanda ake manna 'yan wayoyi a goshi da bayan kunne yaro yana barci, na'ura ta nuna ko sauti yana isa ƙwaƙwalwa da kuma ƙarfin da yake buƙata kafin ya isa. Yaron da ya yi shawara mai tsanani yana iya cin gwajin farko alhali jijiyar jin ta taɓu, don haka in yana da wannan tarihin ki nemi a yi na biyun. Ki karɓi sakamakon a rubuce ki adana. Ni dai ba na yarda a laƙaba wa yaro otizim ba a gwada jinsa ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ki dakata da waccan cibiyar.

Yadda dubawa ta gaskiya take

Minti goma ba su isa ba. Dubawa mai kyau tana cin kusan awa guda, wani lokaci sai an dawo karo na biyu, domin yaro a baƙon wuri ba ya nuna halinsa. Rabin lokacin tambayoyi ne a kanki: cikinsa, haihuwarsa, yaushe ya zauna, yaushe ya yi rarrafe, ya taɓa suma ko jijjiga, ya taɓa iya wata kalma ya daina, wa ke wuni da shi, da wane harshe ake yi masa magana, akwai kurma a dangi, ke da babansa auren zumunci ne. Ki tafi da katin awo da katin rigakafi. Abin da ya fi taimaka mini kuwa shi ne gajeren bidiyo a waya: yana wasa da 'yan'uwansa, ana kiran sunansa daga baya, yana neman abu. Abin da uwa ta ɗauka a tsakar gida ya fi abin da zan gani a ofis gaskiya.

Sauran lokacin kallo ne. Ni nakan bar kujera in zauna a tabarma, in ajiye kofi da cokali da 'yar tsana da ƙaramar mota, in yi shiru. Ina duba ko zai ɗebo da cokalin ya kai bakin 'yar tsanar, ko kuwa kifar da motar zai yi ya yi ta juya tayar. Sai in hura kumfar sabulu, in bari ta fashe, in riƙe kwalbar in jira. Wani yaron zai kalli kwalbar, ya kalli idona, ya waiwaya ya kalli uwarsa yana dariya, ya ce "a! a!" Wannan ko ba kalma a bakinsa yana hira da mu. Wani kuma zai kama hannuna ya ɗora a kan murfin ba tare da ya dubi fuskata ko sau ɗaya ba. Bambancin nan ya fi ƙidayar kalmomi gaya mini abu. Bayan haka a auna kai da tsawo da nauyi, a duba ido da ƙarfin gaɓoɓi da yadda yake tafiya.

Akwai takardun tambayoyi da ake amfani da su. Wadda ta fi yawo ita ce M-CHAT-R, tambaya 20 ga yara daga wata 16 zuwa 30. Tacewa take yi, tana nuna wanda ya kamata a zurfafa bincike a kansa, ba ta yanke hukunci, kuma yara da yawa da ta nuna ba otizim ne da su ba. Manyan gwaje-gwaje irin su Bayley da Griffiths a Turai da Amurka aka tsara su, sai mai gwajin ya yi hankali: in aka nuna wa yaron Fagge hoton abin da bai taɓa gani ba, ko aka ba shi umarni da Turanci, zai faɗi ba don ƙwaƙwalwarsa ta gaza ba. Don wannan matsalar ne masu bincike a Malawi suka tsara nasu gwajin da kayan da yaran karkarar Afirka suka sani. Ki dage a gwada shi da Hausa.

Hoton ƙwaƙwalwa, ko CT ko MRI, ba kowane yaro mai jinkirin magana ke buƙatarsa ba, kuma ba ya nuna otizim. Gwajin EEG, mai auna aikin lantarkin ƙwaƙwalwa, na wanda ake zargin farfaɗiya ne ko wanda ya iya magana ya rasa ta. In an rubuta miki su, ki tambaya cikin ladabi me ake nema, kuma me zai canza in an samu. Gwajin yawan jini da na sikila sun fi sauƙi, sun kuma fi yawan amfani a wurinmu. Amma akwai abubuwan da ba a bin layi a kansu: yaro ya daina abin da ya iya, ko jijjiga, ko ƙafewar ido na 'yan daƙiƙu, ko ɓari ɗaya ya yi rauni, ko kai yana girma fiye da kima, ko yana yawan ƙwarewa in yana ci. In kin ga ɗayansu, asibiti a ranar.

Ina za a je

Tunda a Kano kike, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, da likitocin yara masu kula da ƙwaƙwalwa da jijiya, da sashen fisiyo, wato gashi. Kina iya farawa daga Asibitin Yara na Hasiya Bayero ko Asibitin Murtala, a duba shi a rubuta miki takardar turawa. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Masu karatu daga wasu wurare su nufi asibitin koyarwa mafi kusa, Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Maiduguri, ko Jos. A Nijar kuma manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram. Ba zan ɓoye miki ba, asibitin gwamnati sai da haƙuri da sammako, kuma masu koyar da magana da suka yi karatun abin ba su da yawa a duk ƙasar, a Arewa sun fi ƙaranci. Wannan giɓin ne cibiyoyi masu zaman kansu suka shigo cikewa. A cikinsu akwai masu aiki tsakani da Allah, akwai kuma waɗanda kwas ɗin 'yan makonni suka yi a intanet suka kafa allo.

Abin da ƙanwarki ta faɗa haka yake. A Amurka tun 1986 doka ta tanadi taimakon farko ga yara daga haihuwa zuwa shekara uku. Gwajin kyauta ne, kuma cikin kwana 45 da kai rahoton yaro ake so a gama shi a zauna da iyaye a rubuta tsari. Mu ba mu da irin wannan. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ba ta samar da shi ba. Amma abu uku daga tsarin nasu ba su buƙatar gwamnati, kina iya neman su a ko'ina: a rubuta tsarin tare da ke, a yi koyarwar cikin harkokin yaro na yau da kullum, a kuma sake zama a duba ci gaba, su can duk wata shida suke yi.

Ki kuma san aikin kowa don kada a sayar miki da abin da ba ki buƙata. Mai fisiyo, wanda mutane ke ce wa mai gashi, na zama ne da tsayuwa da tafiya da sandarewar gaɓoɓi. Ɗanki da ke gudu ba ya buƙatarsa. Mai koyar da magana yana aiki a kan fahimta da furuci da hulɗa, har da haɗiya. Akwai mai koyar da ayyukan hannu, cin abinci da sa riga da riƙe abu. Mai gwajin ji shi ke auna kunne ya daidaita na'urar ji. Faɗin sunan lalura kuwa aikin likita ne ko ƙwararren masanin halayyar yara.

Yadda za ki auna cibiya

Fara da takarda. A Najeriya hukumar MRTB ce ke yi wa masu fisiyo da masu koyar da magana da masu gwajin ji rajista. Ki tambayi wanda zai riƙa zama da ɗanki, ba mai cibiyar ba, me ya karanta kuma yana da lasisi. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar. In mataimaka ne ke aikin, babu laifi, muddin akwai ƙwararren da ke tsara musu yana kuma leƙowa a kai a kai.

Sannan tambayar da na fi ba muhimmanci: "Zan shiga in zauna?" In aka ce a'a, iyaye a waje suke jira, yaro ya fi natsuwa in ba uwarsa, ni a wurina magana ta ƙare. Yaron da ba ya magana ba zai iya gaya miki abin da aka yi masa a bayan ƙofa ba, wannan ɗaya. Na biyu lissafi ne. Yaro mai shekara biyu yana farke kusan awa 80 a mako. Ko sau uku ake kai shi, awa uku ke nan. Sauran duk a hannunki yake da 'yan gidanku. In ba a koya miki ba, an bar mafi yawan lokacin ya tafi a banza. Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne. A Ingila an gwada wani tsari mai suna PACT, inda ake ɗaukar uwa ko uba a bidiyo suna wasa da ɗansu mai otizim, sannan a zauna a kalla tare a nuna musu inda yaron ya yi yunƙurin hulɗa ba su lura ba. Da aka bibiyi yaran bayan kusan shekara shida, rahoton 2016 ya nuna amfanin bai gushe ba. An kuma daidaita tsarin a Indiya da Pakistan, inda ma'aikatan lafiya da ba ƙwararru ba suka koyar da shi. A Jamaika ma, a tsakiyar shekarun 1980, ma'aikatan lafiya na unguwa sun riƙa ziyartar gidajen yaran da tamowa ta tsumburar sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna koya wa iyaye mata wasa da hira da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka tarar kuɗin da yaran ke samu ya fi na takwarorinsu da ba a koya wa iyayensu wasan ba da kashi 25 cikin ɗari.

Ki nemi a gaya miki abin da ake son cimmawa a wata uku, da kalmomin da za ki iya gani da idonki. "Za mu inganta maganarsa" ba buri ba ne. "Zai waiwayo in an kira shi, zai nuna abin da yake so da yatsa, zai yi amfani da kalma ko alama biyar wajen neman abu", wannan ana iya dubawa. Ki tambayi da wane harshe za a koya masa. Na sha ganin iyayen da aka ce musu su daina yi wa yaro Hausa, wai harshe biyu ke rikita shi. Ba haka ba ne, harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana. Abin da ke biyo baya shi ne kaka da 'yan'uwa su yi shiru, uwa ta koma 'yan guntayen Turanci, yaron da ke buƙatar ƙarin magana a rage masa. Wannan shawarar tana ɓata mini rai ƙwarai. Harshen da ya fi sauƙi a bakinki shi za ki yi masa.

Ki kalli yaran da ke wurin. Wasa ake yi a ƙasa, ko an danne su a kujera suna kuka ana nuna musu kati? Kukan kwanakin farko ba abin mamaki ba ne, amma yaron da bayan makonni yana ƙanƙame ki da ya hango ƙofar yana gaya miki wani abu. Duka, ɗaurewa, hana abinci don ya yi magana, babu ɗayansu da ke cikin aikin.

Ki guji duk wanda ya yi miki alkawarin warkewa ko ya sa ranar da yaro zai yi magana. Haka mai sayar da "maganin buɗe ƙwaƙwalwa" a teburin da ake biyan kuɗi, da masu tallar dashen ƙwayoyin halitta a ƙasashen waje, da ɗakin iskar oksijin, da wankin guba daga jini ba tare da gwaji ya nuna dalma ba. Babu hujjar cewa suna maganin otizim ko jinkirin magana, wasunsu ma suna da haɗari. Hana yaro madara da alkama shi ma hujjarsa ba ta da ƙarfi, kuma yaron da dama zaɓen abinci gare shi yana iya faɗawa tamowa.

Kan kuɗi, kada ki biya wata uku a dunƙule a wurin da ba ki gwada ba. Ki nemi biyan zama-zama ko wata-wata. Zuwa sau ɗaya a mako, ko sau biyu a wata, wanda za ku iya ɗorewa a kai shekara guda kuna aiki a gida, ya fi zuwa kullum da zai karya ku a wata na biyu ku daina gaba ɗaya. Ki sa kuɗin adaidaita da sauran yaran gida cikin lissafin.

Linzami, addu'a da rigakafi

Linzamin harshe yana iya wahalar da jariri wajen kama nono, wani lokaci ya taɓa furucin wasu haruffa, amma ba ya hana yaro fahimta ko nuni ko waiwayowa, ba ya kuma hana kalmomi zuwa. Yanke shi ko cire beli a wurin wanzami ba zai kawo magana ba, ga haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. In ana shakka, likita ya duba.

Addu'a kuwa ki riƙe ta, ki tofa masa safe da yamma, ba ta hana zuwa asibiti, asibiti ma ba ya hana ta. Inda nake jan layi shi ne hayaƙi a rufaffen ɗaki, da duka da sunan fitar da iska, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, da kiran yaro ɗan ruwa. Kada kuma wani ya sa ki daina rigakafi: binciken 1998 da ya danganta allurar ƙyanda da otizim an gano na bogi ne, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. Ƙyandar da sanƙarau su ne ke kurmantar da yara.

Kafin ranar ganin likita

Ba sai an faɗi sunan lalura za ki fara ba. Kashe talabijin ɗin da ke kunne tun safe, ki karɓe wayar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana gaban allo, ɗanki kuwa gara ƙasa da haka sosai. Ki durƙusa fuskarki ta yi daidai da tasa. Ki bi abin da hankalinsa ke kai ki ba shi suna da gajerun kalmomi. A wajen wanka, ki ɗebo ruwa a moɗa ki ce "ruwa", ki zuba, ki sake ɗebowa, sai ki tsaya da moɗar a sama ki dube shi ki ƙirga biyar a zuci. In ya ɗago ido, ko ya miƙa hannu, ko ya yi wani sauti, ki ce "ruwa!" ki zuba nan take. Wannan ɗan jiran shi ne abin da ya fi yi wa iyaye wuya, domin uwa ta san abin da ɗanta ke so tun kafin ya nema. In ya ja hannunki, ki bi shi, ki ɗauko abu biyu ki riƙe kusa da fuskarki: "ayaba ko biredi?" Ki bar yawan "ce kaza, ce kaza", yana sa yaro ya ƙara rufe baki. Waƙoƙin raino da tafa-tafa da wasan ɓuya duk aiki ne, yayyensa ma su shiga. Alama da hannu ba ta hana magana zuwa, sau da yawa ita ke jawo ta.

Ban ga ɗanki ba, don haka ba zan ce otizim ne ko ba shi ba ne, kuma ko bayan an duba shi babu likitan da zai iya faɗa miki tabbas inda zai kai a shekara biyar. In kunne ne, akwai na'urar ji, akwai maganin ruwan kunne, akwai yaren hannu, kuma da wuri ake son su. In otizim ne, ba laifinki ba ne, ba kuma tarbiyyarki ce ta jawo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da shi, wasu suna magana sosai daga baya, wasu kaɗan, wasu da alama ko hoto suke isar da saƙo, dukansu kuma suna koyo. Likita yana iya ce miki a shekarunsa bai tabbatar ba, a fara aiki a dawo bayan wata uku. Wannan amsa ce mai kyau, kada ki ɗauke ta rashin sani.

Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta kowace sabuwar kalma ko alama da kwanan wata, da abin da bai yi aiki ba, ki tafi da shi duk zuwa. Ranar gwajin jin kuma ki roƙi babansa ya raka ku, in da hali har kakar, su ji bayanin daga bakin likita su yi tambayoyinsu, domin su ne za su wuni da shi ranar da kika fita unguwa.